Kwalta, Soda da Murfin Langa

Lokacin sanyi ne, a shekarar da damina ta ɗauki alkawari ta saɓa. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan muna kallonsa yana kallonmu har ya bushe a tsaye. Amalanken da suka saba shigowa Tasawa da dammunan hatsi, a shekarar nan tabarmi da tukwane da tsofaffi suke saukewa, daga wajen Mayahi da Gidan Amumune. Soja ke riƙe da ƙasa, kowa in zai yi magana sai ya waiwaya. Jar dawar taimako muke ci, wadda tuwonta ke zama a ciki kamar an haɗiyi dutse. Amma in aka ce in nuna shekarar da na fi yin dariya a rayuwata, ita zan nuna.

Maigidana ya yi kudu neman abin da za a ci tun geron bai gama bushewa ba. Aka bar ni da uwarsa, tsohuwa mai baki kamar aska, da ƴan mata biyu ƙanana, da ɗana na fari. Shi ɗan farin ya zama saurayi, gemu ya fara tsiro masa, yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tasha. Abokansa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, shi ma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Abu guda ya riƙe shi. Makaɗan gidan samari na garin sun rasa mai kaɗa gitar, don nasu ma ya bi hanya, aka ce za a gwada samari a ɗauki ɗaya. Wanda aka ɗauka shi zai riƙa kula da kayan kiɗan, a ba shi ɗan abin sabulu da rabon dawa. Ya faɗa wa kakarsa a gabana, da ƙarfi don in ji, cewa in ba a ɗauke shi ba, ranar kasuwa mai zuwa zai bi mota.

Ni kuwa ba ni da bakin cewa kada ya tafi. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle ta bari duniya ta gane ranta yana kansa. "Kai" nake ce masa, ko "wannan". In zan ba shi tuwo, ƙanwarsa nake miƙa wa. Da na ji zancen motar sai na ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba, har na sake tankaɗe garin da na riga na gama.

Gitar ta gaske, mai waya, a gidan samari take a kulle. Shi a kan ta galan ya koya, wadda ya haɗa da kansa da wayar birkin keke. Ya san akwai waɗanda suka fi shi hannu, musamman ɗan wani ɗan kasuwa da ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, saboda haka ya ce shi da dabara zai shiga. Ya taɓa ganin makaɗan babban birni da suka zo wasa, mai gitar ɗinsu yana taka wani ɗan akwati a ƙasa, da ya taka sai muryar gitar ta sauya, ta yi kauri. Ya yi ta tambaya, ya yi ta farke matattun rediyoyi yana ciro wasu ƴan ƙwayoyi masu ƙafa uku kamar kaska, yana liƙa su da dalma. Ƙarfen liƙin a murhuna yake gasa shi. Ina tuƙa tuwo sai in ga hannu ya zo ta gefena ya zare shi ya tafi. Makunnin da za a taka da ƙafa, daga wata matacciyar motar kaya ya ciro shi. Da ya gama sai ya kai wa maƙerin tukwane karyayyun ludaya da wata fasasshiyar tukunya, aka narke, aka zuba masa akwati na farin ƙarfe, gindi da murfi. Kayan wutar da makunnin duk a gindin suke zaune, murfin kifawa kawai ake yi.

Tsohuwa ta karɓa ta jujjuya shi.

"Angona, wanga shi ne sadakin nawa? Ko ɗakin kusu ka gina muna?"

"Ke tsohuwa ba ki san kaya ba. Wannan in na taka shi, haƙoranki da suka zube sai sun dawo sun yi rawa."

"Taka mu gani, mijin banza."

Ya jona shi da gitar galan da wata rediyo da ya mayar amsa-kuwwa. Ya kaɗa, muka ji ƴar muryar da muka saba ji. Ya taka. Wallahi sai ka ce an cusa zuma cikin tulu an toshe baki, ga kuma algaita tana kuka daga ƙarƙashinsu. Akuya ɗaya da fari ya bar mana ta tsinke igiya ta faɗa ɗakin tsohuwa. Ƴan matan suka kwanta ƙasa. Ni ina bayan zana, na cusa mayafi a baki, kafaɗuna suna rawa.

Tsohuwa ta ce, "To, jakin maƙwabta ya samu ɗan'uwa."

Murya dai ta samu. Abin da ya dame shi kuma shi ne fuskar akwatin. Farin ƙarfen maƙeri ya fito da duhu-duhu kamar gindin tukunya, shi kuwa na mutanen birni da ya gani yana da launi da ado. Ya ce mai jagorantar makaɗan, wani malamin lakwal da ake kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, mutum ne mai son abu tsaf, in ya ga wannan ko jonawa ba zai bari a yi ba. Ya gwada zana shi da ƙusa, ƙusar ta zame ta soke shi a yatsa.

A ajin yaƙi da jahilci, bayan baƙi da wasali, an koya mana haɗa sabulu da soda. Malamarmu kullum tana jan kunne kada a dama soda a tukunyar farin ƙarfe, don tana cin ta. Ni ma na ga ludayin da aka manta a ciki ya fito da kaushi kamar diddigen manomi. Sai na juya wajen ƙanwarsa, ina tsince tsakuwa daga dawa, na ce, "Ki gaya wa wannan, soda tana cin farin ƙarfe." Yana zaune bai fi taku kaɗan daga ni ba. Yarinyar ta juya ta gaya masa, ya ce ta ce mini ya ji.

Saura abin da sodar ba za ta ci ba, wanda zai rufe inda ba a so ta taɓa. Ya gwada kyandir, ya narke. Sai ya samo kwalta daga wani tsohon duro da masu gyaran hanya suka yar, ya narkar da ita a gwangwani, ya shafe wani karyayyen ludayi, ya ja layi da ƙaya har farin ƙarfen ya bayyana. Ya dama soda a kaskon ƙasa ya tsoma. Abin ya yi ta tsuwa yana kumfa. Bai jima ba ya tsame, ya ɗauraye, ya goge kwaltar da esansi, wato fetur. Ga layi ya zauna cikin ƙarfe, yana ta tsalle yana nuna wa kowa. Ni da na leƙa ta gefen ido, layin bai cika mini ido ba. Ya yi fari-fari, kamar lallen da aka kwance da wuri. Na dai ajiye a raina.

Da ya zo zane kuma sai hannunsa ya ba shi kunya. Ya ce tauraro ya zana, tsohuwa ta ce ita kaza ta gani an take.

"Kai dai wawa ne," in ji ta. "Uwarka ɗiyar masu zanen ƙwarya ce, ka tsaya kana ɓata kwalta."

Gaskiya ta faɗa. A ƙauyenmu, can wajen Korgom, gidan uwata ake kawo ƙoren amare. Na taso da wuƙar zane a hannu, aure da ƴaƴa suka raba ni da ita. Washegari dai na tarar da murfin, an shafe shi da kwalta ciki da waje, an ajiye a kan turmi inda ba yadda za a yi in yi daka ban gan shi ba. Na ɗauke shi na shiga ɗaki.

Da basilla na yi aikin. Ƙwarya tana gardama, sai ka danna, ita kuwa kwalta tana buɗewa kamar man shanu, farin ƙarfe yana biyo bakin basilla yana walƙiya cikin baƙi. Na sa dagi a tsakiya. Na zagaye baki da sawun zabuwa. Na ga fili ya ragu, na sa ƙadangaru biyu suna kallon juna. Na ga wutsiyoyinsu sun yi tsirara, na yi musu ɗige-ɗige. Ina zane ina ƴar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na manta rabon da in yi. Tuwo ya kama, miya ta tsinke, tsohuwa tana kira daga tsakar gida, "Ke ɗiyar nan, ƙadangaren za mu ci yau?" Kullum in ya dawo sai ya dubi turmi, bai ga komai ba, ya dubi ƙofar ɗakina, ya yi gyaran murya ya wuce. Ni kuwa duk sanda na ce na gama sai in hango wani ɗan lungu da ke roƙon a sa masa wani abu. Da haka na ja aikin har ranar gwajin kanta. Da safen nan na mayar da murfin kan turmi.

Ya ɗauka ya daɗe yana kallo. Ya ce wa ƙanwarsa, "Ashe akwai mutane a gidan nan." Ya dama soda a kasko, ya tsoma murfin a hankali da kara biyu.

To a kwanakin nan ana kokowar ƙasa baki ɗaya, ana sa ta a rediyo kowace la'asar. Mutum ko bai ci ba sai ya nemi batir. Duk wata matacciyar rediyo da ke garin an fito da ita. Bai gama wanke hannu ba aka aiko daga gidan wani alhaji, wai tasa ta yi shiru, ga shi yau ɗan jiharmu ta Maraɗi zai shiga fili, ya zo maza. Ya tsaya bakin ƙofa yana saka takalmi.

"Tsohuwa, in kun gama shan kunu ku tsame shi da karan nan, ku zuba masa ruwa da yawa. Kada ku sa hannu."

"Tahi abinka, ba yau munka fara aiki ba."

Muka gama shan kunu, muka ɗago murfin. Baƙi ne ƙirin, kumfa ta lulluɓe shi, ba ka ganin ko sawun zabuwa ɗaya. Tsohuwa ta matso da ido.

"Bai kama ba."

Na ce, "Iya, ya ce in mun sha kunu."

"Shi mi ya sani? Namiji ya taɓa ƙunshi? Wace mace kika ga ta ɗaura lalle ta kwance kan ta shanye kunu? Ko baba a marina sai an maida an sake maidawa. Maida shi."

Ni kuwa dama layin nan na ludayi yana raina. Ban yi kwanaki ina sunkuye don zanena ya fito fari-fari ba. So nake ya zauna da zurfi, wanda yake can ƙarshen ɗaki ya gan shi. Muka mayar. Na ɗauko ragowar sodar sabuluna na ƙara, don a ganina haɗin nasa ya yi ruwa. Tsohuwa ta ce ƙunshi ɗumi yake so, ta kifa faifai a kan kaskon, ta lulluɓe da tsummoki kamar ƙafar amarya. Can sai muka ji yana gurnani, tururi yana fita ta gefe, wani wari yana kama maƙogwaro. Muka kori yara, muka ja tabarma nesa muka zauna muna jin daɗinmu.

"Ji yadda yake ci," in ji tsohuwa. "Wanga ƙunshi zai yi wata shida."

Sai da aka kira azahar muka buɗe. Faifan ya yi laushi, cikin kaskon kuma wani baƙin kunu ne yana ɓulɓula. Na sa kara ina lalube. Zafi ya narkar da kwaltar ta zame. Abin da na ɗago ya yi kama da ganyen da fara ta sauka a kai. Inda dagi yake, rami ne mai siffar dagi. Sawun zabuwa ya zama haƙoran zarto. Ƙadangare ɗaya ya rabu da murfin gaba ɗaya, na tsamo shi daban, siriri kamar ɓawon albasa.

Muka tsaya muna kallo. Can tsohuwa ta ce, "To. Ya dai kama."

Dariya ta kayar da ni a kan tabarma. Ina yi ina riƙe ciki, tsohuwa tana tari tana dukan ƙasa da sanda. Ina cikin haka motar ranar kasuwa ta faɗo mini a rai, na rasa ko ƙwallar dariya ce ko ta kuka ke fitowa daga idona.

A haka ya same mu. Ya zuba wa murfin ruwa, ya ɗaga shi sama, ya leƙo kakarsa ta ramin dagi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni da uwarka. Ƙunshi munka yi mai."

"Ƙunshi?"

"Har da tsummoki. Ba mu yi maka rowa ba."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, sai ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya ɗago ya dube ni kai tsaye, abin da ba ya yi, ya ce, "Inna, gwajin da la'asar ne fa."

Maƙeri ba zai hura wuta ya zuba wani kafin la'asar ba. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙoƙon da uwata ta zana mini da hannunta, wanda nake shan fura da shi, na kifa shi a kan gindin akwatin. Ya rufe kayan wutar daidai, makunnin yana waje. Ya girgiza kai, ya ce ƙarfe ake so, ƙarfe ne ke tare hayaniyar da ke yawo cikin iska. Amma ya jona ya gwada a tsakar gida, zuma ta tashi cikin tulu kamar da, ba wata hayaniya. Ya ɗaure ƙoƙon da robar tayar keke, ya saɓa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Na zuba tuwo a langa na rufe da murfinta. A ƙa'ida ƙanwarsa zan aika. Na ce wa tsohuwa yarinyar nan zubarwa za ta yi a hanya.

"I mana, zubarwa za ta yi," in ji ta. "Tahi ki kai, ki kuma buɗe kunne da kyau ki zo ki ba ni labari."

Gidan samari ɗaki ne babba mai rufin kwano, tagoginsa ba gilashi. Mata da yara muka yi cincirindo a jikin tagogin. Ina isa na ji wurin tsit, ashe kumandan, sojan da ke mulkin garin, shi ne ya faɗo ba sanarwa, yadda sojan lokacin suka saba. Yana zaune a kujerar ƙarfe da baƙin tabarau, wani soja tsaye a bayansa. Fuskokin maza duk a murtuke, don daidai lokacin ake kokowa, ba kuma wanda ya isa ya kara rediyo a kunne a gaban kumandan.

Aka fara. Ɗan ɗan kasuwar nan ya kaɗa, gaskiya hannunsa da daɗi, kamar ana zuba ruwa a randa. Wasu ma suka gwada. Sai aka kira nawa. Ya fito ya durƙusa ya ajiye ƙoƙo a ƙasa, wani daga baya ya ce, "Fura ya kawo wa kumandan," aka yi ƴar dariya a ɓoye. Mushe ya yamutsa fuska, amma ya miƙa masa gitar. Ya jona akwatin da wata doguwar waya zuwa amfuli, wato babban akwatin da ke ƙara wa gitar murya. Ya kaɗa kaɗan haka nan. Ya ja numfashi, ya taka.

"...ya kama ƙafa! Jama'a, ya kama ƙafa! Ɗan Maraɗi ya shiga ƙarƙashinsa!"

Muryar mai ba da labarin kokowa ce, ta cika ɗakin har da ganguna da ihun fili. Mushe ya yi tsalle ya juya wajen jama'a.

"Silans! A yi shiru! Wa ya kunna rediyo a nan? Wane ne?"

Kowa ya ɗaga hannuwa yana nuna ba shi ba ne. Nawa ya sake takawa, ɗakin ya yi tsit. Ya taka, "...sun rabu, sun sake haɗuwa!" Daga baya ya yi mana bayani, wai doguwar wayar ce ta kamo tashar, ƙwarya kuma ba ta iya tare ta. A lokacin dai ba wanda ya san wannan. Wata mata kusa da ni ta ce gitar ta yi aljanu. Na ga zufa tana bin wuyansa a cikin sanyin nan, yana waige-waige yana neman ƙarfe. Idonsa ya faɗa kan tagar da nake, ya sauka kan langar da ke hannuna.

"Inna, murfin!"

A gaban gari duka. Ban tsaya jin kunya ba, na cire murfin na miƙa ta taga, hannu ya ba hannu har ya isa gare shi, ni kuma na tsaya da tuwon jar dawa a buɗe kowa yana gani. Ya fizge robar, ya ɗauke ƙoƙon, ya kifa murfin langa a kan gindin akwatin, daidai lokacin da mai labarin ke cewa, "Ya ɗaga shi! Ya ɗaga..."

Ɗif. Murya ta ɗauke.

Ɗakin duka ya yi nishi lokaci ɗaya, kamar an taka wa mutum ɗaya ciwo. Wani tsoho ya ce, "Haba yaro!" ya kuma toshe bakinsa da ya tuna wanda ke zaune. Kumandan ya sa hannu ya cire tabarau a hankali.

"Kai."

"Ranka ya daɗe."

"Buɗe."

"Ranka ya daɗe, in na buɗe ai..."

"Na ce buɗe murfin nan."

Ya buɗe. Murya ta dawo, ashe ba a kai ƙasa ba, wancan ya kuɓuce. Kumandan ya jawo kujerarsa gaba. Mushe ya durƙusa kusa da amfuli ya manta da wandonsa mai guga. Samarin da suka zo gwaji, da masu ganga, da sojan nan da bindigarsa, duk suka yi da'ira suna kallon ƴan ƙwayoyin nan masu ƙafa uku kamar a cikinsu ake kokowar. Nawa yana tsaye a tsakiya, gitar a wuya, murfin langa a hannu, bai san ko an kore shi ko ba a kore shi ba. Mu a taga muna hawa kafaɗun juna. Aka kama, aka saki. Aka sake kamawa. Sai mai labarin ya fasa ihu, "Ya kayar! Ya kayar! Ɗan Maraɗi ya kai shi ƙasa!"

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Huluna suka tashi sama. Sojan nan ya rungume mushe ya ɗaga shi. Kumandan ya miƙe ya naushi iska, ya ce wani abu da faransanci da ya sa ƴan lakwal suka kwashe da dariya. Mata suka ɗauki guɗa, sai na ji wata guɗa mai tsawo kusa da kunnena, ashe tawa ce, ni da ko a bikin ƙanwata ban yi ba. Tuwon ya zame ya kusa faɗuwa, wata ta tare mini shi da hannu.

Da ƙura ta lafa, kumandan ya zauna, ya mayar da tabarau, ya gyara riga kamar ba shi ba.

"To, rufe. Yanzu kaɗa mana."

Ya kifa murfin, ya taka. Wannan karon zuma ce ta tashi, amma ta babban amfuli, har rufin kwano yana amsawa. Kuma yaron nan, Allah ya ba shi wayo a lokacin, bai kaɗa abin da ya shirya ba. Kiɗan da ake yi wa ƴan kokowa in za su shiga fili ya ɗauko, ya sa shi a wannan murya mai kauri. Masu ganga ba su jira an ce musu ba, suka shiga. Samari suka fara taku suna buɗe ƙirji, tsofaffi suna kirari, ɗan ɗan kasuwar ma ya ajiye girman kai yana tafi. Na ga takalmin kumandan yana motsi a ƙarƙashin kujera.

Da aka tsaya, mushe ya sunkuya suka yi ƙus-ƙus da kumandan. Ya miƙe ya ce shi ba zai ɓoye ba, ɗan ɗan kasuwar ya fi hannu mai tsabta, za a riƙa kiransa in ana waƙoƙi masu sanyi. Amma gurbin da makullin kayan kiɗa, mai akwati aka ba, shi da akwatinsa. Kumandan yana fita ya tsaya ya ce gobe ma a yi gwajin kiɗa da la'asar, zai zo ya duba da kansa. Kowa ya san gobe akwai kokowa, ba wanda ya yi dariya sai da motarsa ta sha kwana.

Muka kamo hanyar gida rana tana ja. Ina gaba yana baya, ya karɓi langar ya riƙe, ni ina rungume da ƙoƙona. A ƙofar gida ya tsuguna ya cinye tuwon da sanyinsa. Tsohuwa ta leƙo.

"Angona, motar hwa?"

"Ta tafi ba ni, tsohuwa. Sai ki ci gaba da haƙuri da ni."

"Kaico. Ni da na fara neman wani mijin."

Na shige ɗaki da sauri, don fuskata ta ƙi bin umarnina.

Washegari da safe na tashi zan zuba kunu na tuna langa ba murfi. Na yafa mayafi na nufi gidan samari in karɓo abina. Mai gadi ya tare ni a ƙofa, ya ce kumandan ya ba da oda kada a taɓa ko tsinke a cikin kayan kiɗa, murfin nan yanzu ya shiga kayan gwamnati. Na ce na tuwo ne fa, baba. Ya ce shi dai oda aka ba shi, in ina da magana in je in ga kumandan. Ta bayan kafaɗarsa na hango wannan yana share ɗakin, makulli rataye a wuyansa da igiya, ya yi kamar bai gan ni ba. Na yi wa mai gadi sai an jima, na dawo gida, na zuba kunu a langa na rufe da faifai, na ba ƙanwarsa ta kai masa.